Ganyen da ake ci ɗanye: Yadda cuta ke biyo shi daga lambu zuwa faranti, da hanyoyin tare ta

Latas, kabeji, lansir da lawashi sun zama abokan cin abinci na yau da kullum a biranen Arewacin Najeriya da Nijar. Ana barbaɗa su a kan garau-garau, ana jera su a gefen tsire, ana cusa su a cikin gurasa, kuma da wuya a yi buɗa-baki a gidaje da dama ba tare da haɗin salak ba. Masana abinci suna goyon bayan wannan ɗabi'a, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana.

Sai dai ganyen da ba ya shiga tukunya yana isa bakin mai ci ɗauke da tarihin duk ruwan da aka ba shi, takin da aka zuba masa, da hannayen da suka taɓa shi. Wankin da ake yi masa a gida yana rage haɗari, amma ba ya kawar da shi. Mafi yawan aikin kariya yana can baya, a lambu da kasuwa da ofisoshin hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin tsaftar ruwa da abinci.

Girman matsalar

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasinta na farko kan cututtukan da ake ɗauka daga abinci. Ta ce kimanin mutum miliyan 600 ne ke kwantawa rashin lafiya a duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma suna mutuwa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne 125,000 daga cikin mamatan. Yankin Afirka ya fi ko'ina ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a, inda sama da mutum miliyan 91 ke kamuwa, kimanin 137,000 ke rasuwa a shekara.

Wannan ƙiyasi ya haɗa kowane irin abinci. Inda aka tsaya aka rarrabe, ganye ne ya fito a gaba. Wani nazari da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa a 2013, wanda ya duba ɓarkewar cututtuka daga 1998 zuwa 2008, ya danganta kashi 22 cikin 100 na masu rashin lafiyar da ganye, adadin da ya zarce na kowane rukunin abinci, har da nama da kaji.

Abin da ya sa ganye ya bambanta

Dalilai huɗu ne suka haɗu. Ganye yana girma dab da ƙasa, don haka duk abin da ruwan sama ko na ban-ruwa ya fantsamo yana sauka a kansa. Fuskarsa tana da faɗi da lanƙwasa da ƙananan ramuka inda ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, wasu ma su kan shiga cikin naman ganyen ta inda ya karye ko aka yanka. Ba shi da ɓawon da za a fere kamar karas ko kokwamba. Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne ba a dafa shi.

A nan abincin gargajiya yana da fifiko. Alayyahu, yakuwa, lalo, karkashi da kuka duk miya ake yi da su, zafin tukunya kuma yana kashe kusan duk wata ƙwayar cuta. Haɗarin ya fi taruwa ne a ganyen salak, sai kuma dafaffen ganye da aka sake gurɓatawa bayan an sauke shi, kamar kwaɗon zogale ko na rama da ake matsewa da hannu, a haɗa da ɗanyen tumatir da albasa, sannan ya wuni a kan faranti cikin zafin rana.

Cututtukan da ke bin ganye

Kusan dukkansu asalinsu ɗaya ne, wato kashin mutum ko na dabba.

Akwai wani nau'in bakteriya da ake kira E. coli O157:H7, wanda ke zaune a hanjin shanu ba tare da ya cutar da su ba. A jikin mutum yana haddasa murɗar ciki da gudawa mai jini, galibi bayan kwana uku zuwa huɗu da cin abincin. 'Yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da mutum. Har kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu na iya fuskantar lalacewar ƙoda, musamman ƙananan yara da tsofaffi.

Salmonella tana yawan zuwa ta kashin kaji da na sauran dabbobi, tana kawo zazzaɓi da gudawa cikin awa shida zuwa kwana shida. 'Yar'uwarta mai haddasa taifod daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, kuma tana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana. Shigella da amiba suna kawo atini. Ƙwayar norobairos tana sa amai da gudawa cikin awa 12 zuwa 48, kuma sau da yawa daga hannun mai haɗa abinci take fitowa. Ciwon hanta nau'in A yana ɗaukar kwana 15 zuwa 50 kafin idanu su yi ɗorawa, lokacin da mai ciwon ya daɗe da manta abin da ya ci. Listeriya tana iya hayayyafa ko a cikin firiji, kuma tana jawo ɓari ko haihuwar jariri ba rai.

Sai ƙwan tsutsar ciki, wanda ke iya shekaru a cikin ƙasa mai laima bai mutu ba, kuma sinadarin kulorin ba ya yi masa komai. Kwalara kuwa ta ruwan sha ta fi yaɗuwa, amma ganyen da aka shayar ko aka wanke da gurɓataccen ruwa yana cikin hanyoyinta. A ɓarkewar 2021, hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,600 suka mutu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Ƙofofin da cuta ke shiga

Ƙofar farko ita ce ruwan ban-ruwa. Latas da kabeji kayan noman rani ne, lokacin da ruwa ya yi ƙaranci, kuma suna saurin yaushi, don haka ana noma su kusa da gari. Ruwan da ba ya ƙafewa kusa da gari kuwa yawanci na magudanai ne. A Kano, ana noman lambu a gefen rafin Jakara, wanda ke kwashe ruwan kwatocin cikin birni, da rafin Getsi da ke ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. A Yamai, lambunan kwarin Gunti Yena sun daɗe suna dogaro da ruwan da birnin ya zubar. Manoman ba su zaɓi wannan ruwa don ƙeta ba. Shi ne wanda ke hannu, ba a biyan kuɗinsa, kuma yana ɗauke da abin da ke sa ganye ya yi kore shar.

Ƙofa ta biyu taki ne. Kashin kaji da na shanu taki ne mai kyau, amma idan aka zuba shi ɗanye a kan ganyen da za a cire nan da 'yan makonni, cutar da ke cikinsa tana nan da ranta ranar girbi. Bahaya a fili yana ƙara dagula lamarin, domin ruwan sama na farko yana kwashe shi zuwa rafuka da fadamu. Binciken gwamnatin tarayya da asusun UNICEF na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 48 ne ke bahaya a fili.

Ƙofa ta uku tana tsakanin lambu da kasuwa. Sau da yawa a rafin da aka yi ban-ruwa ake ɗauraye ganyen kafin a ɗaure shi, a loda a motar da wataƙila jiya dabbobi ta ɗauko. A kasuwa ana shimfiɗa shi a ƙasa, ana yayyafa masa ruwa daga bokiti ɗaya tun safe har yamma don kada ya yi yaushi. Ruwan bokitin, da ya wanke damin farko, shi ne ke raba dauɗarsa ga sauran.

Ƙofa ta ƙarshe ɗakin girki ce: wuƙar da ta yanka ɗanyen kaza ta koma kan kabeji, ko hannun da ya wanke wa yaro kashi ya shiga kwanon salak.

Akwai kuma gurɓatar da ba ta ƙwayoyin cuta ba. Nazarce-nazarcen masana a jami'o'in Najeriya sun sha gano ƙarafa masu guba, irin su dalma da kuromiyom ɗin da masana'antun jima ke amfani da shi, a ruwa da ƙasa da kayan lambun da ke kusa da yankunan masana'antu na Kano. Waɗannan ba wanki ko dahuwa ke fitar da su ba, domin shuka ta riga ta zuƙe su. Maganinsu ɗaya ne, a hana su shiga rafi tun farko.

Darasi daga Amurka da Jamus

Arziki bai tsare manyan ƙasashe daga wannan matsala ba. A 2006 alayyahun leda ya kwantar da kusan mutum 200 a jihohi 26 na Amurka, uku suka mutu. Masu bincike sun bi sawu har wata gona a jihar Kalifoniya, inda suka sami irin wannan ƙwayar E. coli a ruwan rafi da kashin shanu da na aladun daji. A 2018 latas ɗin da aka noma a yankin Yuma na jihar Arizona ya kwantar da mutum 210 a jihohi 36, biyar suka mutu. An gano ƙwayar a magudanar ban-ruwa da ta ratsa kusa da wani katafaren wurin kiwon shanu.

A 2011 wani nau'in E. coli na daban ya kama kusan mutum 4,000, yawancinsu a Jamus, ya kashe sama da 50. Da farko hukumomi sun ɗora laifin a kan kokwambar Sifaniya, jama'a suka ƙaurace wa kayan lambu, manoma suka yi asarar da ta sa Tarayyar Turai ta biya diyyar sama da Yuro miliyan 200. Daga baya aka gano cewa tsiron hulba ne da ake ci ɗanye, wanda aka shigo da irinsa daga Masar.

Abubuwa biyu suka fito fili. A Amurka, cutar ta shiga ne tun daga gona, kuma wankin da kamfanoni ke yi kafin ƙulla ganye a leda bai fitar da ita ba. A Jamus kuwa, jinkirin gano tushen cuta ya sa marasa laifi sun yi asara, masu ci kuma suka ci gaba da kamuwa. Martanin Amurka ya bi ta gona: manoman ganye na Kalifoniya sun ƙulla yarjejeniyar bin ƙa'idoji ƙarƙashin binciken jami'an gwamnati a 2007, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar dokar tsaftar abinci a Janairun 2011, sannan a 2015 aka fitar da ƙa'idoji kan ruwan noma, taki da tsaftar ma'aikatan gona.

Kariya a lambu

Hana manoman birni amfani da ruwan magudana ba tare da an ba su wani ba zai jefa dubban iyalai cikin yunwa, kuma ba zai yi aiki ba. Saboda haka ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 kan noma da ruwan da aka yi amfani da shi suka ɗauki hanyar shinge bayan shinge, yadda abin da ya tsallake ɗaya zai maƙale a na gaba. Cibiyar binciken ruwa ta IWMI ta gwada da dama daga cikin waɗannan matakai tare da manoman latas a Kumasi da Accra a Ghana.

Manomi na iya tara ruwa a ƙaramin kududdufi ya bar shi ya kwanta, ya ɗebi na sama ba tare da ya motsa laka ba, domin ƙwan tsutsa a ƙasa yake taruwa. Yana iya sakin ruwa ta kwari zuwa gindin shuka maimakon kwarara shi a kan ganye, idan kuma da buta yake ban-ruwa, ya sauke ta kusa da ƙasa. Dakatar da ban-ruwa na 'yan kwanaki kafin girbi yana ba rana da iska damar kashe kaso mai yawa na ƙwayoyin, ko da yake latas yana rage nauyi a lokacin zafi, abin da ke sa manomi jan ƙafa idan kasuwa ba za ta biya shi bambancin ba.

Taki kuwa a tara shi ya ruɓe sosai, ana juya shi, domin zafin da tarin ke yi daga ciki yana kashe cuta. Ƙa'idar noman da ba na takin zamani ba a Amurka ta gindaya kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin duk amfanin da ke taɓa ƙasa. A katange lambu daga dabbobi, a samar da makewayi nesa da rafi, kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin feshi tsakanin fesawa da girbi.

Kasuwa da masu sayar da abinci

Ɗan kasuwa ya ɗaga ganye daga ƙasa zuwa kan teburi, ya ajiye shi a inuwa nesa da masu sayar da nama da kaji, ya yi yayyafi da ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse, yana sauya shi a kai a kai. Mai abincin sayarwa ya yanka salak kaɗan-kaɗan gwargwadon masu saye, ya rufe shi daga ƙuda, ya ɗiba da cokali maimakon hannun da ke karɓar kuɗi. Duk mai amai ko gudawa ya bar haɗa abinci har sai ya yi kwana biyu da warkewa.

Abin da za a yi a gida

Ƙa'idojin 2006 sun ƙiyasta cewa wanke ganye da ruwa mai tsafta yana fitar da kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin cuta, jiƙa shi a ruwan da aka sa wa sinadarin kashe cuta yana kai wa kashi 99, dahuwa kuma tana kashe kusan duka. Lissafin yana nuna iyakar wanki: ganyen da ke ɗauke da ƙwayoyi miliyan ɗaya zai rage da 100,000 bayan an ɗauraye shi. Duk da haka ragin yana da amfani, kuma ga yadda ake yin sa.

A fara da wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. A zubar da ganyayen waje na latas da kabeji, da duk wanda ya ruɓe ko ya farfashe. A ware ganyayen ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane a ƙarƙashin ruwa mai zuba ana murzawa a hankali. Inda babu famfo, wani ya riƙa zubawa da moɗa, ko a sauya ruwan roba sau uku, ana tsame ganyen daga ruwan maimakon tsiyaye ruwan ta kansa. Ruwan wankin ya zama wanda za a iya sha. A wanke kafin a yanka, domin bakin yanka ƙofa ce.

Ruwan gishiri, wanda gidaje da yawa suka dogara da shi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake zato. Jiƙa ganye na wasu mintoci a ruwan khal ya fi shi tasiri, haka ma ƙwayar kulorin ta tsaftace ruwan sha idan aka bi umarnin da ke jikinta, sannan a ɗauraye. Sabulu da garin wanki ba na abinci ba ne, ganye yana riƙe su.

A ware katako da wuƙa na ɗanyen nama daban da na ganye. Salak ko kwaɗon da aka haɗa kada ya wuce awa biyu a waje. Firiji yana tsare shi ne idan sanyinsa bai haura digiri 5 a ma'aunin Salshiyas ba, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa, don haka a sayi na yini guda, a yanka dab da lokacin ci. Miyar da ta kwana a tafasa ta sosai kafin a sha.

Mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, ya fi musu aminci su ci dafaffen ganye idan ba a san asalin ɗanyen ba. A lokacin ɓarkewar kwalara wannan shawara ta shafi kowa.

Idan ciwon ya riga ya kama

Abin da ke kisa a amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba da ruwan gishiri da sukari na ORS nan take. Idan babu na ƙunshi, a narkar da ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Yara ana haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma a ci gaba da ba su nono da abinci.

A garzaya asibiti idan akwai jini a bahaya, zazzaɓi mai zafi, aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ƙarancin fitsari, zurmawar idanu, gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko ciwon ya wuce kwana uku. Sayen maganin kashe bakteriya ko na tsayar da gudawa a kemis ba tare da ganin likita ba yana da haɗari, domin a cutar E. coli mai jini suna iya ƙara yiwuwar lalacewar ƙoda. Idan mutane da yawa suka kwanta bayan cin abinci ɗaya a biki ko makaranta, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

Alhakin yana kan wa

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, mahautu, makewayin jama'a, kwashe shara, da sa ido kan wuraren sayar da abinci. Aikin duba-gari a nan yake. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ta fi mayar da hankali kan abincin da aka sarrafa aka ƙunshe. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, tare da ma'aikatun muhalli na jihohi, su ke da hurumin hana masana'antu zubar da dagwalo a rafuka. Ƙasar ta fitar da manufar tsaftar abinci a 2014. Damin latas da ya taso daga bakin rafi zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano ko Farin Gada a Jos yana ratsa hurumin dukkan waɗannan hukumomi, kuma yana iya isa faranti ba tare da ko ɗayarsu ta duba shi ba.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili nan da 2025. Wa'adin bai cika ba, an ɗaga shi zuwa 2030. Jihar Jigawa ta zama ta farko da aka ayyana ta cimma burin a 2022, abin da ya nuna cewa aikin mai yiwuwa ne idan hukuma ta sa kai.

Tambayoyin da ɗan ƙasa zai iya yi wa shugaban ƙaramar hukumarsa da ɗan majalisarsa a bayyane suke: duba-gari nawa ke aiki a yankin, kuma yaushe suka shiga kasuwa? Akwai famfo da makewayi mai aiki a kasuwar kayan gwari, ganin cewa ana karɓar haraji a cikinta kullum? Nawa aka ware a kasafin bana don haƙa wa manoman lambun birni rijiyoyi? Wace masana'anta aka hukunta kan zubar da dagwalo? Amsoshin waɗannan su ne ke tantance yawan cutar da ke kan ganye kafin ya isa hannun mai wanke shi a gida.